Boga da soyayyen dankali a Birnin Kebbi da Gusau: inda ake gyarawa da inda ake ɓatawa

Duk gidan abincin da ke sayar da boga, wato gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi, a dankalinsa ake gane shi. Ana iya rufa wa nama asiri da bama da kecaf da yaji, ana iya ɗumama burodin jiya ya wuce a matsayin na yau, amma soyayyen dankalin turawa ba ya ɓoye komai. Launinsa zai gaya maka kwanakin da man ya yi a tukunya, laushinsa zai gaya maka zaman da ya yi yana jiran mai saye, ƙamshinsa kuma zai tona abin da aka soya a man kafin shi. A wuraren da ke wannan sana'a a Birnin Kebbi da Gusau, bogar kan ci rabin maki, dankalin kuwa shi ya fi faɗuwa, alhali shi ne ya fi sauƙin gyara.

McDonald's ba shi da reshe ko ɗaya a Najeriya. Burger King sai a 2021 ya buɗe shagonsa na farko a Legas, KFC kuma ya shigo tun 2009. Namu na gida, Mr Bigg's da ya fara a 1986 da Chicken Republic da ya biyo a 2004, sunansu ya fi fita a kaza da shinkafa da kayan fulawa. Saboda haka bogar da ake ci a garuruwanmu daga hannu uku ta fi fitowa: manyan gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, rumfunan shawarma da ke buɗewa bayan la'asar, da matan da ke yi a gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram. Dukkansu hoton bogar ƙasashen waje suke kwaikwayo. Abin da ba su cika kwaikwayo ba shi ne awo. Ƙaramin naman bogar McDonald's giram 45 ne, babban kuma wanda suke kira kwatan fam bai gaza giram 113 ba kafin a gasa. Dankalinsu iri ne da aka zaɓa, irin su Russet Burbank mai yawan gari, a masana'anta ake yanka shi, a ɗan soya, a daskarar, kuma injin suyar shago yana da ƙararrawa da ke kaɗawa idan lokaci ya cika. Wanda ya wuce wa'adinsa na 'yan mintoci zubarwa ake yi. Ba wani sirrin ɗanɗano a ciki, ma'auni ne da agogo.

Dankalin turawan da ake samu a kasuwanninmu akasari daga Filato yake zuwa, yankin Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, kuma a buhu ɗaya za ka iya tarar da iri biyu ko uku a cakuɗe. Irin su Nicola masu ruwa ne da santsi, sun dace da fate da miya, amma a mai ba sa tashi, lanƙwashewa suke yi. Na suya shi ne mai gari, wanda idan aka yanka cikinsa ba ya ƙyalli da ruwa. Akwai gwajin da bai wuce minti biyu ba: a narkar da gishiri giram 120 a lita ɗaya ta ruwa, a wanke dankali a jefa. Wanda ya nutse ƙasa na suya ne, wanda ya taso sama a kai shi tukunyar miya. Mai shagon da ke sayen buhu guda ya kamata ya yi wannan da 'yan ƙwayoyi kafin ya biya kuɗi.

Ajiya ma tana ɓata shi. Saboda zafin garin, wasu kan zuba ɗanyen dankali a firji don kada ya tsiro. Sanyin da ya gaza digiri 6 a ma'aunin Celsius yana mayar da garin cikinsa sukari, sai a jefa shi a mai ya yi ja wur cikin minti biyu, gefensa ya yi baƙi, cikinsa kuma ɗanye, ga wani zaƙi-zaƙi mai ɗaci. Idan ka ga dankali ja mai laushi, yawanci ba wuta ce ta yi yawa ba, firji ne. Wanda aka bari a rana kuma ya yi kore a fata, wannan koren yana tafe da guba mai ɗaci da suya ba ta kashewa. A fere shi da zurfi, idan ya yi yawa a yar. Wurin ajiyarsa ɗaki mai duhu da iska, a baje ba a cikin leda ba, kuma nesa da albasa.

Yanka shi ne na gaba, kuma a nan ake gane mai gaggawa. Kaurin da ya dace santimita 1 ne, ko milimita 7 ga mai son siriri, amma ko wanne aka ɗauka dukkansu su zo daidai. Faranti mai ɗauke da wani kamar yatsa wani kamar tsinke ba zai taɓa nuna tare ba. Bayan yanka a jiƙa a ruwan sanyi minti 30, a sauya ruwan har ya daina fari, sannan a tsane a goge da tsumma mai tsabta. Jiƙaƙƙen dankali idan ya faɗa mai, zafin man sauka yake yi nan take, ga fantsama, ga lalata man.

Ba a nan gizo yake saƙar ba, a suyar ne. Mafi yawan wuraren suya ɗaya suke yi: a cika kasko da dankali, a bar shi minti goma sha biyar har ya yi launi. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani, dankali mai shan mai kamar lagwani, wanda idan ka ɗaga shi daga ƙarshe sai ya sunkuyar da kai. Suya biyu ya kamata a yi. Ta farko a zafin digiri 150 zuwa 160, minti 5 zuwa 6, har cikinsa ya nuna amma bai sauya launi ba. A kwashe a baza a faranti ya huce aƙalla rabin awa. A wannan hutun ne ruwan da ke fatarsa yake bushewa, kuma shi ne ke kawo ƙaras-ƙaras ɗin. Ta biyu a digiri 175 zuwa 180, minti 2 zuwa 3, sai mai saye ya iso ake yin ta. Launin da ake nema ruwan zinare ne, ba ruwan ƙasa ba. Kuma kada a wuce kilo ɗaya na dankali a lita shida ta mai. Wanda tukunyarsa ke cin lita uku, rabin kilo zai riƙa zubawa. Wannan tsarin ya fi sauƙi ga mai shago ma, tunda yana iya yin suyar farko da hantsi ya ajiye, ya riƙa sallamar kowa cikin minti uku da yamma. Ma'aunin zafi na mai bai kai kuɗin galan ɗaya na man ba, amma da wuya ka gan shi a rataye a kicin.

Manyan gidajen sun fi amfani da daskararren dankali na leda, wanda aka riga aka yi masa suyar farko a masana'anta. Beljiyam ce kan gaba a duniya wajen fitar da irinsa. Ba shi da laifi idan an riƙe shi a digiri 18 ƙasa da sifili tun daga mota har tukunya, a zuba shi a daskare cikin mai mai digiri 175 na minti 3 zuwa 4. Matsalar ita ce doguwar hanya daga Legas ko Abuja zuwa Kebbi da Zamfara, sannan ga ɗaukewar wuta, ga janareta da ake kashewa da dare don tsimin man dizil. Dankalin da ya narke ya sake daskarewa ana gane shi tun a leda: ya dunƙule wuri guda, da ƙanƙara a jikinsa. A faranti kuma gutsi-gutsi ne, ya karairaye, cikinsa kamar an tsotse, fata kawai da mai. A irin wannan yanayi, ɗanyen dankalin Filato da aka yi wa suya biyu ya fi na leda nesa ba kusa ba, ga shi ya fi araha.

Sai mai. Tataccen man gyaɗa ya fi kowane dacewa, yana jure zafi har sama da digiri 200 ba tare da hayaƙi ba. Tataccen man ja na galan, wanda ya koma fari, shi ma yana aiki kuma yana daɗewa. Man ƙuli na gida yana da ƙamshi, amma da wuri yake hayaƙi da kumfa, bai dace da suya ta biyu ba. Alamomin man da ya gaji a fili suke: ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo a gefen tukunya, kumfa ta rufe samansa ba ta bajewa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Ɗanɗanonsa kan maƙale a maƙogwaro har bayan an sha ruwa. Abu uku ke kashe shi da wuri: ɓurɓushin da ake bari yana ƙonewa a ƙasa, gishirin da ake barbaɗawa a saman tukunya, da barin shi a wuta babu komai a ciki. A tace shi kowane dare da rariya mai laushi, a rufe. Ƙara sabo a kan matacce ba ya tashinsa. A Birnin Kebbi akwai wata ƙarin matsala: gari ne na kifi, kuma wurin da ke soya tarwaɗa ko karfasa a tukunyar da yake soya dankali ba ya buƙatar a tambaye shi, hanci zai ba da amsa. Tukunyar dankali ta dankali ce ita kaɗai. Gishiri kuma mai laushi ake so, a kwano daban, cikin daƙiƙun farko da fitowarsa daga mai, lokacin da zai kama. Yajin ƙuli a gefe ya fi kecaf dacewa da shi, amma a gefe, don idan aka barbaɗa aka rufe jiƙewa yake yi.

Ko an yi duk wannan daidai, rayuwar soyayyen dankali ba ta wuce minti goma. Akwatin gilashin nan mai ƙwan lantarki da ake tara shi a ciki tun azahar ba ya riƙe shi, ƙara dafa shi yake yi da tururinsa.

A ɓangaren nama, wuraren namu suna da abin da kamfanonin waje ba su da shi, sai dai ba su cika amfani da shi ba. Boga tana son kitse kashi 20 cikin ɗari. Shanunmu na kiwo, Gudali da Rahaji da Bunaji, tafiya suke yi, tsokarsu ba ta da kitse sosai. Idan aka niƙa zallar cinya, abin da zai fito busasshe ne mai tauri. Maganin yana rataye a teburin rundawa: tozo. A kilo ɗaya, a haɗa giram 700 na kafaɗa ko wuya da giram 300 na tozo, ko giram 800 na tsoka da 200 na kitsen ƙirji. A cire jijiya da farar fatar nan kafin niƙa, a sanyaya naman sosai, a niƙa sau ɗaya da faranti mai manyan ramuka. Injin markaɗe ba na wannan aikin ba ne, yana mayar da nama kunu, idan ya gasu ya zama roba.

Abin da ake yawan tararwa akasin haka ne. Don a ƙara auki, ana cuɗa naman da garin burodi ko fulawa da ƙwai da albasa markaɗaɗɗiya da dunƙulen magi har uku, a murza shi kamar ƙullin fanke. Ka raba shi biyu ka duba: nama na gaskiya yana da ƙwaya-ƙwaya da ruwa mai ƙyalli, wanda aka cika da gari kuwa sumul yake, launin toka, kuma yana manne wa dasashi. Gishirin da aka cuɗa a ciki tun da safe shi ma yana ɗaure naman ya yi tauri. A sama ake sa shi, daf da ɗorawa a wuta.

Curin da ya dace giram 110 zuwa 130 ne, kauri santimita ɗaya da rabi, faɗinsa ya zarce burodin da kamar yatsa guda, domin zai tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗan dangwala tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura ya zama ƙwallo. Farantin ƙarfen ya yi zafi sosai, minti 3 zuwa 4 kowane gefe, juyi ɗaya. Yaran da ke danne shi da cokali har yana ƙara suna matse romon ne suna ƙonawa. Wanda kuma ake jefawa cikin mai a soya shi tsamo-tsamo, wannan ya tashi daga boga.

Niƙaƙƙen nama ba kamar tsire ko balangu ba ne. A gunduwar nama ƙwayoyin cuta a waje suke, wuta na taɓa su sun mutu. Niƙa kuwa yana kai su har tsakiya, don haka dole cikin ya kai digiri 71, ba ja, ba ruwan jini. Ƙa'idar ajiya ita ce kada ɗanyen nama ko dafaffe ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi da Gusau ke haura digiri 40, curin da aka jera a faranti kusa da wuta tun magariba haɗari ne kafin isha'i. Haka bamar da aka kaɗa a gida da ɗanyen ƙwai aka bari a buɗe a kan tebur. Yawancin ciwon cikin da ake ɗora wa boga daga waɗannan biyun yake, da latas ɗin fadama da ba a wanke da kyau ba.

Burodi kan zo da zaƙi fiye da kima, don gidajen burodinmu da ƙullin burodin shayi suke yin sa. Mai nauyin giram 60 zuwa 70 ya isa, a raba, a shafa ɗan bota, a gasa cikinsa minti ɗaya har ya yi ja. Wannan gashin ne ke hana shi shan romo ya dagargaje a hannu. Babban burodi da ɗan nama a tsakiya kamar kwabo wayo ne da kowa ya gane. Albasar Aliero tana da ƙarfi, ɗanya takan danne ɗanɗanon naman. A yanka siriri a jiƙa a ruwan sanyi minti goma, ko a soya a hankali minti 20 har ta yi zaƙi, wanda ya fi. Tumatir yanka biyu, latas a tsane shi sarai a sa a ƙarƙashin nama. Bama cokali ɗaya ta wadatar. Inda ka ga tana zuba ta gefe, da kabeji da karas da wake na gwangwani, akwai abin da ake ɓoyewa a ƙasa.

Idan aka jera hannuwan nan uku, manyan gidajen sun fi tsabta da wurin zama na iyali, kuma abin da ka ci yau shi za ka ci gobe. Amma su suka fi tara dankali a gilashi da ɗumama boga a na'urar ɗumame, wadda ke sa burodi ya yi laushi minti biyu sannan ya bushe ya yi tauri. Kuɗinsu ya fi yawa, kuma rabinsa na sanyin ɗaki ne. Lokacin da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu a wurinsu shi ne sa'ar cunkoso, bayan azahar da bayan magariba, sa'ad da kaya ke fita da sauri ba sa kwana a gilashi.

Rumfunan shawarma sun fi ba da boga mai ɗanɗano, don a gabanka ake gasawa kuma farantinsu yana da zafin gaske. Rauninsu mai da sanyi ne: tukunya ƙarama, mai ɗaya na mako guda, kula mai ƙanƙarar da ta narke a madadin firji. Kafin ka ba da kuɗi leƙa launin man, ka ga kuma daga ina ake ɗauko naman. Idan daga cikin sanyi ya fito, bismilla. Masu yi a gida su suka fi kyan nama, da yawansu da kansu suke zaɓa a wurin mahauci su niƙa, kuma ba sa yi sai an yi oda. Abin da ke kayar da su hanya ce. Ana zuba dankali da zafinsa a robar da ake rufewa ruf, a haɗa da bogar, a ƙulle a leda, a miƙa wa ɗan kabu-kabu. Kafin minti ashirin tururi ya gama da shi. Jakar takarda a buɗe, ko kwali mai huji, dankali daban boga daban, miya a ƙaramin mazubi nata, shi ne zai kai shi da sauran rai. Ga wanda gidansa ke da nisa, ya sayi bogar kawai ya fi masa.

Mai saye ma yana da abin yi. "Malam, a soya min sabo, zan jira" ba ta wuce minti biyar, kuma a wurin da ke suya biyu ba za a ɓata rai ba. Neman dankali marar gishiri shi ma yana tilasta a soya sabo, tunda na cikin gilashi an riga an barbaɗa masa. Idan Hajiya mai yi a gida ce, a tambaye ta ko da tozo a naman, a kuma roƙi a rage bama a sa albasa soyayya. Dankalin da ya iso gida ya saki, kada a kai shi na'urar ɗumame. A baza shi a busasshen kasko mai zafi, ba a ƙara mai ba, a riƙa juyawa minti uku zuwa huɗu, man da ya riga ya sha ya isa ya dawo masa da ƙaras-ƙaras ɗinsa.